Hatimin Shaida Daga Shagon Rumawa Zuwa Allon Kwamfuta

A shekara ta 537 wata shari'a ta taso a birnin Kustantiniya, wato Istanbul ta yau, har ta kai kunnen Sarkin Rumawa Justiniyan. An gabatar wa alƙali takardar yarjejeniya da sunan wata mata wadda ba ta iya karatu ba, balle rubutu. A ido takarda ta cika sharuɗɗanta tsaf, ga shaidu, ga alamar mai shagon rubuta takardu. Matar kuwa ta kafe a kan cewa abin da ke ciki ba shi ta ce a rubuta ba. Da alƙali ya sa aka kira mai shagon, sai ya ce lallai daga wurinsa aikin ya fito, amma bai san abin da aka yi ba. Wani yaronsa ya bar wa aikin, wani yaron daban ya ƙarasa, shi kuwa ba ya wurin daga farko har ƙarshe. Sarki ya kafa doka cewa daga ranar dole mai shago ya zauna da kansa lokacin da ake faɗa masa abin da za a rubuta, ya kuma halarci kammalawa. Wanda ya saɓa, a karɓe shagon daga hannunsa.

Dokar tana nan cikin kundin sababbin dokokin Justiniyan, ita ce ta 44. Na fara da ita ne domin tarihin sana'ar notari, wato mai hatimin da hukuma ke naɗawa don tabbatar da takardu, kusan duk a kan wannan gaɓa yake juyawa. Shin mai hatimi ya ga mutumin nan da idonsa ko kuwa? Yau a Amurka mutum na iya zama a ɗakinsa, ya buɗe kwamfuta, wani notari da ke wata jiha mai nisan tafiyar kwana biyu a mota ya dube shi ta kyamara, ya buga wa takardarsa hatimi, kotu kuma ta karɓa. Kafin a kai ga haka an sha tafiya, kuma tafiyar ce ke nuna inda sabuwar hanyar ta yi gyara da inda ta bar kafa.

Aikin notari a tsarin Amurka ɗan ƙarami ne. Ba ya rantsuwa cewa abin da ke cikin takarda gaskiya ne. Abin da yake ɗora mutuncinsa a kai shi ne cewa wanda ya sa hannu shi ne mai sunan, da son ransa ya sa, kuma yana cikin hankalinsa. Takardar sayar da gida, takardar wakilci, takardar rantsuwa, takardar yardar uba a fita da ɗansa waje, duk sai sun bi ta gabansa kafin ofishin rajistar filaye ko banki ko kotu su saurare su.

Bayan Rumawa, 'yan kasuwar Italiya ne suka raya sana'ar. A birnin Genoa har yau ana ajiye da kundin wani notari, Giovanni Scriba, wanda ya rubuta tsakanin 1154 da 1164, kuma babu kundin notari da ya tsira a Turai wanda ya girme shi. Cike yake da yarjejeniyar masu jari da fatake masu shiga jirgin ruwa zuwa Iskandariyya da gaɓar Arewacin Afirka. Mai kuɗi zai ba wani dukiyarsa ya tafi da ita wata da watanni, abin da ya riƙe kawai layuka ne a littafin notari. A Bologna aka mayar da abin ilmi mai zaman kansa, inda Rolandino ya rubuta littafin koyar da sana'ar wajen 1255, aka yi ƙarnoni ana karanta shi. Musulmin Andalus ma ba su zauna ba. Suna da adalan shaidu masu zaman rubuta wasiƙun ciniki da aure da gado, suna da littattafan koyar da tsara su, irin na Ibnul Aɗɗar na Ƙurɗuba wanda ya rasu a 1009. Wannan ba abin mamaki ba ne ga al'ummar da ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'aninta ta sauka a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu. A Maroko har gobe adalai biyu ke zama su karɓi shaida.

Lokacin da Kolombus ya sauka a wani tsibiri na yankin Bahamas ranar 12 ga Oktoban 1492, cikin waɗanda ya fara kira har da marubucin ayarin, Rodrigo de Escobedo, domin ya shaida a rubuce cewa an karɓi ƙasar da sunan sarakunan Sifen. Mutanen tsibirin suna tsaye suna kallo, ba wanda ya tambaye su ko sun yarda. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi, don ya nuna hatimi na iya zama a kan zalunci daram, muddin mai hatimi ya ga dama ya kau da kai daga wanda ake cuta.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Faransa, da dokar da aka yi a 1803 zamanin Napoleon, ta riƙe notari a matsayin masanin shari'a mai daraja, shi ke tsara takarda, shi ke ba ɓangarori shawara, shi ke ajiye asali. Wannan tsarin Jamhuriyar Nijar ta gada. Ingila kuwa 'yan kaɗan take naɗawa. Da can da izinin Paparoma ake naɗa su, har 1533 da Sarki Henry na Takwas ya mayar da ikon hannun babban limamin Canterbury, kuma ofishinsa ne ke naɗin har yanzu. Amurka ta ɗauki sunan ta sauƙaƙa abin matuƙa. A yawancin jihohinta ba sai ka zama lauya ba, ka cika takarda, ka biya 'yan daloli, a wasu jihohin ka zauna ɗan gajeren gwaji, shi ke nan. Shi ya sa suke da notari fiye da miliyan 4, a banki, a shagon aika kaya, a ofishin dillalan gidaje. Na farko da aka naɗa a can, Thomas Fugill na New Haven a 1639, bai gama lafiya ba. An tuɓe shi bayan an gano ya taɓa kundin rabon filaye don ya ƙara wa kansa.

Duk da arharsa, Amurkawa sun ɗauki hatimin da muhimmanci. Da Shugaba Warren Harding ya rasu a watan Agustan 1923, mataimakinsa Calvin Coolidge yana hutu a gidan mahaifinsa a ƙauyen Plymouth Notch na jihar Vermont, gidan da ba lantarki ba tarho. Mahaifin manomi ne kuma notari. Shi ya rantsar da ɗansa a matsayin shugaban ƙasa da misalin ƙarfe 2:47 na dare, ranar 3 ga wata, da hasken fitilar kananzir. Daga baya lauyoyi suka yi shakkar ko notarin jiha na da ikon rantsar da jami'in tarayya, aka sa wani alƙali ya sake rantsar da shi a ɓoye a Washington.

Akwai wata tsohuwar al'ada ta sana'ar da nake ganin ta fi duk waɗannan labarai amfani ga mai son fahimtar zancen yau. A Ingila da jihohin Amurka da dama, idan za a sayar da filin da matar aure ke da haƙƙi a ciki, doka ta wajabta wa jami'in da ke karɓar shaida ya fitar da mijin waje. Sai ya keɓe da matar, ya bayyana mata abin da takardar ta ƙunsa, ya tambaye ta ko da yardarta ake yi, ko kuwa tsoro ne ko matsi. Idan babu wannan keɓewa, cinikin na iya rushewa a kotu. Al'adar ta wanzu a wasu jihohi har cikin ƙarni na 20. An soke ta ne da mata suka samu cikakken ikon mallaka, kuma masana tarihi sun nuna sau da yawa jeka-na-yi-ka ake yi, don matar da za ta koma gida ɗaya da mijin da wuya ta ce a'a. Amma waɗanda suka kafa ta sun gane wani abu na gaskiya. Sanin ko wane ne ke sa hannu rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sanin wanda ke tsaye a kansa.

Kada mai karatu ya zaci zamanin ido da ido zamanin tsarki ne. Bayan durƙushewar kasuwar gidaje ta 2008, bankunan Amurka sun shiga ƙwace gidajen waɗanda suka kasa biyan bashi, dubbai a kowace rana, kuma kowane ƙwace na buƙatar takardun rantsuwa masu hatimi. A 2010 asiri ya tonu. Wani ma'aikacin kamfanin GMAC Mortgage ya amsa da bakinsa, a ƙarƙashin rantsuwa, cewa yakan sa hannu a takardu wajen 10,000 a wata ba tare da ya bincika abin da ke ciki ba, kuma ba a gaban notari ba. A wani kamfani mai suna DocX a jihar Jojiya, ma'aikatan wucin gadi ne ke zama a tebur suna rubuta sunan wasu mutane a matsayin sa hannunsu, a tara takardun a kai wa masu hatimi su buga. Takardun da suka fita ta wannan hanya sun haura miliyan ɗaya, kuma shugabar kamfanin ta samu ɗaurin shekara 5 a 2013. Kowace takarda a cikinsu tana ɗauke da shaidar cewa mai sa hannu ya bayyana a gaban notari. Laifin da Justiniyan ya yi wa doka ne ya dawo, sai dai wannan karon a kan gidajen talakawa masu ɗimbin yawa. Majalisa ta aika wa Shugaba Obama wani ƙudiri da zai tilasta wa kotuna karɓar hatimin kowace jiha har da na lantarki, a watan Oktoban 2010 ya ƙi sa hannu saboda wannan badaƙala. A Fabrairun 2012 manyan bankuna biyar suka amince da sulhun dala biliyan 25 da gwamnatin tarayya da jihohi 49.

Ana cikin wannan ƙura jihar Birjiniya ta yi abin da ba a taɓa yi ba. Tun 1999 da 2000 dokokin Amurka suka amince da sa hannu na lantarki, amma ko da a allo za ka sa hannu, dole kai da notari ku kasance ɗaki ɗaya. A 2011 majalisar Birjiniya ta zartar da dokar da ta ce bayyana ta hanyar sauti da hoto kai tsaye ta wadatar, Gwamna Bob McDonnell ya sa hannu, ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2012. An yi mata ca. Jami'an wasu jihohi sun fito sun gargaɗi jama'arsu cewa su ba su san wannan ba. Hujjar masu goyon baya ita ce wadda har yau nake ganin ta fi ƙarfi. Tsohon tsari bai bar wata shaida ba sai kalmar notari da ɗan layi a littafinsa, wasu jihohin ma ba su wajabta littafin ba. Sabon tsari kuwa ya wajabta a naɗi zaman gaba ɗaya a bidiyo a ajiye, shekara 5 a Birjiniya da Tekzas, shekara 10 a Fulorida. Da irin wannan naɗi ake yi a zamanin DocX, da ranar farko za a ga fuska ɗaya tana amsa sunaye barkatai.

Montana ta biyo baya a 2015, Tekzas da Nevada a 2017. Kamfanoni suka taso suna haɗa masu takarda da masu hatimi dare da rana, fitacce a cikinsu shi ne Notarize da aka kafa a 2015, wanda ya koma Proof daga baya. A 2017 aka kammala cinikin gida da bashin banki na farko wanda daga farkonsa har ƙarshe ta intanet aka yi.

Ni kaina na bi ta wannan hanya. Na yi wasu shekaru ina aiki a Amurka, bayan na dawo gida Kaduna sai buƙata ta taso in ba wani abokina takardar wakilci ya sayar mini da motar da na bari a can. A da, sai dai in nemi rana a ofishin jakadancinsu a Abuja, in yi sammako, in bi layi, in biya dala 50 a kan kowane hatimi. Maimakon haka na zauna bayan sallar isha'i, lokacin da layin intanet ya fi lafawa a unguwarmu, na ɗora takardar a manhaja. Ta fara neman lambata ta zama ɗan biyan haraji a can, sannan ta jero mini tambayoyi biyar, kowace da amsoshi biyar, ta ba ni minti biyu, kuma dole in ci huɗu. Cikin waɗannan tituna wanne ka taɓa zama? Wace irin mota ka yi wa rajista a shekara kaza? Na ga sunan titin da na fara kama ɗakin haya, wanda ko 'ya'yana ban taɓa ba labarinsa ba, yana zaune a allo cikin wasu sunaye huɗu na bogi. Daga nan na ɗauki hoton lasisin tuƙina gaba da baya, na'ura ta duba alamomin tsaron da ke jikinsa.

Sai ga wata dattijuwa ta bayyana, da tabarau da abin sauraro a kunne, bayanta bangon ɗaki da kalanda. Ta faɗi sunanta da jihar da ta naɗa ta, ta sanar da ni ana naɗar zaman. Ta sa na faɗi sunana da inda nake, na ɗaga lasisin kusa da fuskata, ta ce in ɗan karkata shi don haske na dukansa. Ta tambaye ni ko na san abin da takardar ke ba abokina iko ya yi, ta bar ni na faɗa da bakina. Muna cikin haka uwargida ta shigo da shayi ta wuce ta bayana. Nan take matar ta dakata. Ta ce, "Yallaɓai, wa ke tare da kai a ɗakin?" Na ce maiɗakina ce. Ta tambaya ko tana da hannu a cikin wannan takarda, ko akwai wanda ya sa ni dole. Sai da na amsa ta ci gaba. Na sa hannu da yatsa, hatiminta ya fito a ƙasan shafi, aka ɗaure takardar da wata shaidar lantarki wadda ke tona asiri idan an canja ko da harafi ɗaya ne. Dala 25 na biya, shayin bai huce ba.

Na yaba wa matar, ta yi aikinta yadda ya kamata. Amma ta ga uwargida ne kawai don ta bayana ta bi. Da ta gaban tebur ta tsaya, bayan kwamfutar, da har muka gama ba ta san da mutum a wurin ba. Kyamara ƙofa ce mai faɗin tafin hannu, abin da mai riƙe da na'ura ya nuna mata shi take gani.

Annobar korona ce ta ture sauran shakku. A watan Maris na 2020 ofisoshi suka rufe, ga mutane na mutuwa, ga masu son rubuta wasiyya da takardar wakilcin jinya cikin gaggawa. An ga notari na tsaye a waje yana leƙen tsoho ta gilashin taga yana sa hannu, an ga ana miƙa takardu ta tagar mota a filin ajiye motoci. Ranar 19 ga Maris Gwamna Andrew Cuomo na New York ya ba da umarnin gaggawa da ya halatta yin abin ta bidiyo, gwamnoni da dama suka bi sahu. Ƙungiyar kamfanonin inshorar mallakar filaye ta Amurka ta ce amfani da wannan hanya ya ƙaru da kashi 547 cikin ɗari a shekarar. Kafin annobar jihohi ashirin da 'yan kai ne ke da dokar, yanzu sun haura 40. Kalifoniya, wadda ta fi kowa jan ƙafa, ta yi tata a 2023, ta ba kanta har zuwa 2030 ta gama shiri. Majalisar wakilan tarayya ta zartar da ƙudirin da zai daidaita abin a ƙasa baki ɗaya a 2022, ta sake a 2023, duka biyun suka maƙale a majalisar dattawa. Faransa ta buɗe ƙofar a Afrilun 2020, ta bar ta a buɗe ga takardar wakilci. Jamus ta yarda a kafa kamfani ta bidiyo a gaban notari daga Agustan 2022.

Wani abin da ya faru a 2024 ya nuna darajar mai hatimi mai rai wanda za a iya nema a tambaya. Wani kamfanin bogi ya fito da takardu cewa Lisa Marie Presley, 'yar mawaƙi Elvis Presley, ta ci bashin dala miliyan 3.8 kafin rasuwarta, ta jinginar da gidan mahaifinta na Graceland a Memphis. Har an sa ranar gwanjo. Jikar Elvis, Riley Keough, ta garzaya kotu. Aka nemo notarin Fulorida da sunanta ke kan takardun, ta yi rantsuwa cewa ba ta taɓa haɗuwa da Lisa Marie ba, ba ta kuma buga mata hatimi ba. Lauyoyi suka ƙara lura da cewa takardar da aka ce ta 2018 ce tana ɗauke da zancen tabbatarwa ta intanet, alhali Fulorida ba ta halatta hakan ba sai 2020. Alƙali ya tsayar da gwanjon a watan Mayu. Da abin ya watse, mai damfarar ta rubuta wa kotu da 'yan jarida cewa wani ɓarawon bayanai ne a Nijeriya ya kitsa komai. Ashe wata mata ce 'yar jihar Missouri, ta kuma amsa laifinta a 2025. Mu da ake yawan shafa wa irin wannan kashin kaji ya kamata mu riƙe wannan labari.

To, ina raunin sabuwar hanyar? Tambayoyin nan biyar daga rumbun bayanan bashi da rajista ake ciro su, kuma rumbunan sun sha fashi. A 2017 kaɗai an sace bayanan mutum wajen miliyan 147 daga kamfanin Equifax. Ɓarawon da ya sayi tarihinka na iya amsa tambayoyin da sauri fiye da kai mai mantuwa. A ɗaya gefen kuma, baƙon da bai daɗe da zuwa ba, wanda bai taɓa cin bashi ko yin rajistar mota ba, na'ura ba ta da abin da za ta tambaye shi, sai ta mayar da shi baya ko da shi ne mafi gaskiyar mutane. Fuskar ma yanzu ana ƙera ta. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya tura wajen dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da shugabanninsa, daga baya aka gano duk fuskoki da muryoyin ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa su. Kamfanonin hatimi suna ta ƙara matakan gane fuska mai rai, masu damfara na binsu a guje. Wannan tsere ne da ba zai ƙare ba, amma aƙalla an san da shi, ana zuba masa kuɗi.

Wanda ya fi damuna shi ne wanda kuɗi ba sa magancewa, wato tsohuwa mai gida da ɗan da ya ƙosa ya gaje ta tun tana raye. Katin shaidarta na gaskiya ne, fuskarta tata ce, tambayoyi biyar kuwa shi zai raɗa mata amsa. Shi ya kunna kwamfutar, shi ya saita kyamarar, shi ke tsaye inda ba a ganinsa. Notarin da ya je gida da ƙafarsa zai ji warin ɗakin, zai ga kwalaben magani a kan tebur, zai lura da inda idon tsohuwa ke komawa kafin ta amsa kowace tambaya, kuma yana iya cewa kowa ya fita. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Fulorida ta fahimci haka. A dokarta, kafin a yi wasiyya ko makamanciyarta ta bidiyo sai an tambayi mutum ko ya sha wani abin da ke taɓa hankali, ko yana da lalurar da ke hana shi hidimar yau da kullum, ko wani ne ke kula da shi. Idan ya amsa da e a ɗaya, dole shaidu su zo inda yake. Idan ya wuce wannan mataki, notari zai tambaye shi a cikin naɗi wa ya taimaka masa shiga bidiyon, wa ya taimaka wajen tsara takardun, ina yake zaune, kuma wa ke ɗakin tare da shi. Tsohuwar keɓewar nan ce ta matan aure aka yi ƙoƙarin dawowa da ita ta wata siga. Ingila ta fi haka tsauri. Ta yarda da shaidar wasiyya ta bidiyo na wucin gadi saboda annoba, wa'adin ya cika a ƙarshen Janairun 2024, ba ta sabunta ba.

Malamanmu sun riga sun yi irin wannan rarrabewa. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta amince cewa ciniki ta tarho da makamantansa ya ƙullu kamar na waɗanda ke zaune wuri ɗaya, amma ta cire ɗaurin aure saboda sharaɗin shaidu. Ba kowace takarda ce nauyinta ɗaya ba, kuma ba kowace ce za a iya warware ɓarnarta da kuɗi ba.

Zancen ya iso gida. A 2023 Nijeriya ta soke tsohuwar dokar notari ta 1936, ta kafa sabuwa wadda ta amince da hatimin lantarki da tabbatar da takardu ta sauti da hoto, aka kuma gyara dokar shaida a shekarar don kotuna su karɓi rantsuwar da aka yi ta wannan hanya. A wurinmu notari lauya ne, Alƙalin Alƙalan ƙasa ke naɗa shi, don haka mun fara da ƙafar dama fiye da Amurka. Ɗalibinmu da ke Malesiya da ɗan kasuwarmu da ke Dubai za su huta da wahala mai yawa, kuma ina murna da hakan ƙwarai. Ga takardar makaranta, da rantsuwar shekaru, da wakilcin sayar da mota, bidiyon da aka naɗa aka ajiye ya fi hatimin da ake bugawa a bakin kotu ba tare da an ga mai takarda ba, abin da duk wanda ya taɓa neman takardar rantsuwa a garuruwanmu ya san ana yi.

Gida da gona da gado kuwa wani abu ne daban, a ƙasar da rigimar fili ke cinye shekara goma a kotu, kuma yawancin iyayenmu mata ba sa karanta Turancin da ake rubuta takardun da shi. Ina roƙon Kotun Ƙoli da ƙungiyar lauyoyi su wajabta tambayoyi irin na Fulorida, a yi su da harshen da mai sa hannu ke ji, a kuma hana mallakar da gida ko gonar tsoho ko marar lafiya ta bidiyo sai notari ya je da kansa. Kafin su yi, kai mai karatu, idan takarda ta shafi gidan mahaifiyarka, ka ɗauke ta ka kai ta gaban mai hatimi, ko ka biya shi ya zo gida, sannan ka fita waje ka bar su su yi magana.